Yadda Ake Ɗaure Zafin Ruwa a Digiri 44.5

Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Daga Kpong da Weija ake turo wa Accra ruwa, amma famfon unguwa yakan zo yau ya ɗauke gobe. Shi ya sa gidaje da yawa suka dogara da motar tanki, da rijiyar burtsatse, da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa, da kuma uwa uba fiya wata na leda. Matsalar ita ce ruwa yana iya zama garau, ba wari ba ɗanɗano, alhali najasa ta riga ta taɓa shi a hanya, ko dai ta fasasshen bututun da ya ratsa kwata, ko ta tankin da aka daɗe ba a wanke ba. A 2014 kwalara ta kama fiye da mutum 20,000 a Ghana, mafi yawansu a Accra da kewayenta. Tunda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, to da me ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje yake gane ruwan da ya gurɓata?

Ba ƙwayar kwalara yake fara nema ba, don samunta a ruwa aiki ne ja. Abin da yake bi shi ne sawun bayan gida, wato wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, waɗanda babbarsu ita ce E. coli. In an gan su a ruwa, najasa ta shiga ke nan, kuma ƙofar da suka bi a buɗe take ga kwalara da taifod. Sai ya ɗebi mililita 100 na ruwan, ya tace ta wata 'yar takarda mai ƙofofin da ruwa ke ratsawa amma bakteriya ba ta iya wucewa. Ya ɗora takardar a kan abincin da aka haɗa wa ƙwayoyin a wani ɗan faranti, ya rufe, ya ƙulle cikin ledar da ruwa ba ya shiga, sannan ya nutsa ta cikin wani baho na ruwan ɗumi har awa 24. Washegari ya ƙirga shuɗɗan ɗigo-ɗigon da suka tsiro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ruwan sha ita ce kada a samu ko ɗaya.

Asirin gwajin duka yana cikin bahon nan. A cikin ƙasa da jikin ganye akwai dangin waɗannan ƙwayoyi da ba ruwansu da hanji. Su ma suna tsirowa lafiya lau a digiri 35 ko 37 na ma'aunin Salshiyos, amma in zafi ya kai 44.5 yawancinsu sai su sare, na hanji kuwa su ci gaba da hayayyafa. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, shi ya fito da dabarar raba su da zafi tun 1904, ko da yake shi a digiri 46 ya yi nasa. Yau wasu ɗakunan gwaji suna aiki da 44, wasu da 44.5, kuma masu bin 44.5 ba a yarje musu kauce wa fiye da 0.2 sama ko ƙasa ba. Daga 44.3 zuwa 44.7 ke nan, dare da rana. In zafin ya sauka, ƙwayoyin da ba su ji ba su gani ba sai su tsiro, a rufe wa mai fiya wata sana'a a kan laifin da bai yi ba. In ya hau, na hanjin ma su kasa tsirowa, a rubuta wa gurɓataccen ruwa takardar lafiya, wanda shi ya fi muni. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai ma wasu ƙwayoyin ƙasa masu taurin kai da ke jure 44.5, shi ya sa ɗakin gwajin da ya san abin da yake yi yakan ƙara wani gwaji don tabbatar da E. coli ɗin kanta.

Mai karatu zai ce ai akwai akwatin ɗumi na iska, irin wanda ake renon ƙwayoyi a ciki a asibitoci, me ya kai mu ga ruwa? Amsar tana cikin halin ruwa. Ruwa yana riƙe zafi fiye da iska mai girmansa sau dubu uku da ɗoriya, kuma yana miƙa zafi ga abin da ya taɓa fiye da iska sau ashirin da wani abu. In ka buɗe ƙofar akwatin iska, ɗumin ya fice nan take, kuma kwalbar da ka sa ciki za ta daɗe kafin cikinta ya kamo zafin da ake so. Ruwa kuwa ba ya saurin sauya ra'ayi. Ka tsoma kwalabe goma masu sanyi cikin lita 10, da ƙyar zai motsa, su kuma cikin 'yan mintuna sun bi shi.

Na'urar kanta ba ta da wani kwarjini. Kwami ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai cin lita 5 zuwa 30 galibi, an lulluɓe bangonsa da abin hana zafi fita, da murfi a sama. A gefe guda akwai kai mai allon lambobi, kuma daga ƙarƙashin kan abubuwa uku suka sauka cikin ruwa: hita, da ma'aunin zafi, da ɗan famfo mai farfela. Kamfanoni irin su Julabo da Lauda na Jamus da Grant na Ingila sun yi suna da su. Hitar ce ta fi sauƙin fahimta, kuma ita ce ba ta da wani labari. Ɗaga lita 10 daga digiri 30 zuwa 44.5 da hita mai wat 1,000 aikin minti 10 ne. Butar lantarkin mai shayi za ta iya wannan. Abin da ake biyan kuɗi masu ciwo saboda shi shi ne abin da ke faruwa bayan minti goman nan.

Duk matar da ta taɓa haɗa ruwan wankan jariri ta san ruwan zafi da na sanyi ba sa gaurayuwa da kansu. Ta zuba na zafi a kan na sanyi, ta tsoma hannu, sama ya ƙona ta, ƙasa kuma sanyi ƙalau, sai ta juya da hannu sannan ta gwada da gwiwar hannu. Haka yake a bahon da ba shi da famfo. Ruwa mai zafi ya fi sakayau, sai ya taso ya kwanta a sama, mai sanyi ya zauna a ƙasa da kusurwoyi. Kusa da hita daban, nesa da ita daban, jikin bango daban. Ma'aunin zafin kuwa wuri ɗaya tak yake ji. Yana iya rantsewa da gaskiyarsa cewa 44.5 ne, alhali farantin da ke can ƙuryar baya yana cikin 43.8. Famfon shi ne hannun da ke juyawa, ba ya gajiya, ba ya tsayawa. Yana zuƙo ruwa ya bi da shi ta jikin hita, ya feso shi cikin kwami, lita goma ko fiye a kowane minti, har ya zama abin da ma'auni ya ji a wurinsa shi ne abin da kowace kwalba ke ji a nata wurin. Akwai wani amfani na biyu da ba a cika lura da shi ba. Kwalba mai sanyi a ruwan da ke kwance takan yi wa kanta rigar ruwa mai sanyi-sanyi da ke rage mata saurin ɗumi. Ruwa mai gudu yana yaye wannan riga a kai a kai. A ganina, in aka ce mutum ya zaɓa tsakanin allon lambobi mai walƙiya da famfo mai kyau, famfon ya kamata ya ɗauka.

Ma'aunin a yawancin na zamani siririyar waya ce ta ƙarfen filatinam a cikin ɗan bututu. Halin wannan ƙarfe shi ne, gwargwadon zafinsa gwargwadon turjiyar da yake yi wa lantarki mai ratsa shi, kuma ba ya saɓa wannan hali ko an shekara. Wanda aka fi amfani da shi, Pt100, turjiyarsa om 100 ce a digiri 0, om 138.5 a digiri 100. A 44.5 tana wajen 117.3. Kaucewar 0.2 da ake tsoro ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ba, kuma ita na'urar ke sa wa ido.

To, ta ji zafin ya sauka ko ya hau, sai ta yi me? Tsohuwar dabara ita ce ta dutsen guga na lantarki: zafi ya kai, wuta ta ɗauke, ya sauka, ta dawo. Aibinta shi ne hita ba ta hucewa nan take. An yanke mata wuta amma jikinta na ci gaba da zuba zafi cikin ruwa, sai a zarce. Kafin ta sake kamawa kuma an gangara ƙasa. Zafin sai ya riƙa lilo, sama da ƙasa, wani lokaci da digiri guda cur. Ga guga ba komai, ga gwajin ruwa asara ce.

Maganin ya fito ne daga teku. A 1922 wani injiniya, Nicolas Minorsky, da ke wa sojan ruwan Amurka aiki a kan tuƙin jirgi da na'ura, ya wallafa abin da ya fahimta daga kallon ƙwararrun matuƙa. Ya lura matuƙi ba ya duba nisan kaucewar jirgi daga hanya kawai. Yana kuma duba tsawon lokacin da aka yi ana kaucewar, da saurin da ake komowa ko ake ƙara nisa. Waɗannan ukun su ne lissafin da ake kira PID, kuma shi ke cikin kan bahon. In ruwa yana 30 ana son 44.5, hita ta buɗe wuta gaba ɗaya. Da an kusa, sai a riƙa rage mata, ana ba ta wuta ƙyas-ƙyas, kashi ashirin cikin ɗari, kashi goma. In zafin ya lafe a 44.4 ya ƙi ƙarasawa, ɓangare na biyu yana tara wannan ɗan giɓi a hankali, yana ƙara wuta kaɗan-kaɗan har ya rufe. In kuma zafin na hawa da gudu, ɓangare na uku ya taka birki tun kafin a iso. Ƙarshenta hitar tana mayar da daidai zafin da ke sulalewa ta murfi da bango ne kawai, ba ƙari ba ragi. Masu kyau daga cikinsu suna tsayawa cikin 0.02 ko ƙasa da haka.

A nan ne Accra ke shigo da nata sharaɗin, wanda littafin na'ura ba ya faɗa da babbar murya. Baho mai hita kawai ya iya ƙara zafi, bai iya ragewa ba. In ya zarce, sai dai ya jira ɗaki ya tsotse rarar. Saboda haka dole ɗakin ya fi ruwan sanyi sosai, kuma masu ƙera su kan rubuta cewa aikinsu yana farawa ne daga digiri 5 sama da zafin ɗaki. Wanda ya rubuta wannan yana zaune ne a ɗaki mai digiri 20. A watan Maris, ɗakin gwaji mai rufin kwano a Maamobi, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zai kai 32 ko 33 da azahar ba tare da wani mamaki ba. Ga 44.5 babu damuwa. Ga 37 kuwa, wanda shi ne abincin yau da kullum na asibiti, an zo bakin gaɓa. Ƙari a kan haka, famfon da kansa yana zuba ɗan zafi cikin ruwa saboda gogayya. Sai ka ga hita a kashe, amma lamba na rarrafawa 37.3, 37.5, ma'aikaci yana zargin na'ura ta lalace alhali lafiyarta ƙalau. Gwajin da ke buƙatar 25 ko 20 kuma ba ya yiwuwa sam sai da baho mai injin sanyi irin na firji. Wasu bahunan suna zuwa da murɗaɗɗen bututu da ake ratsa ruwan famfo ta ciki don sanyaya su. Dabara ce mai kyau a ƙasar da ruwan famfo ke fitowa da sanyi. A nan, ruwan da ya wuni cikin baƙin tankin roba a kan rufi ba shi da sanyin da zai ba wani.

Sai wuta. Waɗanda suka ga dumso na 2015, lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, ba sa buƙatar bayani. Nauyin ruwa yana taimakawa kaɗan, domin baho mai murfi ba ya hucewa nan da nan. Amma tazarar 0.2 ba ta ɗaukar dogon jinkiri, kuma da famfo ya tsaya ruwan ya fara rabuwa sama da ƙasa. Ɗaukewar wutar da ta fi haɗari ita ce wadda ba a sani ba. Wuta ta tafi da ƙarfe ɗayan dare ta dawo da asuba, safiya ta yi allo na nuna 44.5 kamar ba abin da ya faru. Wasu ƙirar ma ba sa tashi da kansu in wuta ta dawo. Ɗan ƙaramin ma'auni mai ajiye tarihin zafi na tsawon dare ba shi da tsada idan aka gwada da bahon, kuma shi kaɗai zai tona wannan asiri.

Gwajin ruwa ɗaya ne daga ayyukan bahon. A ɓangaren jini, a manyan asibitoci irin su Korle Bu da asibitin soja na 37 da ke maƙwabtaka da Nima, lambar ita ce 37, zafin jikin ɗan Adam. Kafin a ƙara wa mutum jini akan haɗa ruwan jininsa da jajayen ƙwayoyin mai bayarwa a ɗumama su a 37, domin wasu garkuwoyin jiki masu haɗari ba sa kama ƙwayoyin sosai sai a zafin jiki. Gwajin saurin daskarewar jini ma a 37 ake yinsa, tunda da daƙiƙa ake auna shi kuma sanyi kaɗan yana ja masa lokaci. Filasma, wato ruwan jinin da aka daskarar don ceto mai jegon da jini ya ɓalle mata, ana narkar da ita tsakanin 30 da 37, cikin leda ta biyu don kada ruwan baho ya taɓa bakin jakar. Mai gaggawar da ya ce bari ya ƙara zafi don ta yi sauri zai dafa sinadaran da ake nema su tsayar da jinin.

Akwai kuma 56. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Jules Bordet na Beljiyam ya nuna cewa a ruwan jini akwai wani sinadari mai fasa ƙwayoyi da zafi ke kashewa, alhali garkuwoyin jiki suna tsira. Daga nan aka samu ƙa'idar digiri 56 na minti 30, wadda tsofaffin gwaje-gwajen tunjere suka dogara da ita. Hideyo Noguchi, likitan Japan da zazzaɓin shawara ya kashe a Accra a 1928, ya yi suna tun farko a binciken tunjere da gwajin jininsa. Cibiyar binciken da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979 da sunansa, ita ta ɗauki kaso mai tsoka na gwajin korona a Ghana a 2020, kuma ɗakunan da ke renon ƙwayoyin halitta irin nata har yau suna aiki da wannan 56 ɗin.

Ko bakanike yana cin moriyar bahon bai sani ba. Lambar 50 da ke jikin galan ɗin baƙin mai 20W-50 daga kaurin man a digiri 100 aka samo ta. Ana zuba mai a wani siririn bututun gilashi, a nutsa shi a baho, a auna daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya gangara, a digiri 40 da kuma 100, kuma ƙa'idar gwajin ba ta yarda baho ya kauce fiye da 0.02 ba. A 100 ba a sa ruwa, don zai tafasa, sai a cika kwamin da wani mai na musamman. Wasu bahunan kuma famfonsu yana tura ruwan ta tiyo zuwa jikin wata na'ura daban, ya kewaye ta ya dawo, ta yadda abin da ba zai shiga kwami ba shi ma zai samu tsayayyen zafi.

Kula da shi ba wuya, sai dai ana yawan sakaci. Murfi ne na farko. Mililita 10 kacal, abin da bai cika babban cokali ba, in ya tashi ya zama tururi, zafin da ya kwashe ya isa ya sauke lita 10 da fiye da rabin digiri. Da hunturu, in iska ta bushe, ƙafewar ta fi sauri, kuma hitar da ruwa ya janye ya bar ta a fili ƙonewa take yi, shi ya sa ake sa musu makunnin da ke yanke wuta in ruwa ya yi ƙasa. Ruwan famfo ko na burtsatse yana barin farin ɓawo a jikin hita da ma'auni, ɓawon ya rage wa ma'auni saurin ji, lissafin nan na Minorsky ya fara aiki da tsohon labari. Tataccen ruwa ake so. Sannan ruwa mai digiri 37 da ya kwana biyu gida ne na gansakuka da bakteriya, har da Pseudomonas mai addabar majinyata, don haka ana juye shi a wanke kwamin duk mako.

Mutanen unguwannin Zango irin su Nima da Maamobi suna da 'yan uwa a Amurka, kuma ba sabon abu ba ne a auno wa ƙaramin asibiti ko makaranta kayan gwaji na hannu a kwantena, da kyakkyawar niyya. A duba bayan na'urar kafin a jona. Ta Amurka wutar 110 zuwa 120 take ci, ta Ghana kuwa 230 ce, kuma hita mai wat 1,000 tana buƙatar taransifoma mai ƙarfin gaske, ba ɗan ƙaramin na cajin aski ba. Ko an samu taransifomar, wutar can tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta nan sau 50, don haka famfon wasu ƙirar zai ɗan rage gudu.

Abin da ya rage shi ne lambar da ke allo, wadda mutane suka fi yarda da ita fiye da kima. Abu uku ne mabambanta: zafin ya tsaya bai yi lilo ba, ya zama ɗaya a ko'ina cikin kwami, sannan ya zama shi ne ainihin zafin da aka rubuta. Lissafi yana ba da na farko, famfo yana ba da na biyu, amma na uku ba mai bayar da shi daga cikin na'urar. Baho yana iya tsayawa cak a 43.9 shekara guda yana nuna 44.5. Hanyar ganewa ita ce a tsoma wani ma'aunin daban wanda aka tantance, irin aikin da sashen awo na hukumar kula da ingancin kaya ta Ghana ke yi, a auna tsakiya da kusurwoyi huɗu, da kwalabe a ciki kamar ranar aiki, ba kwami fayau ba. In an ga bambanci a gyara saitin, ko a rubuta shi a takarda a manna a jikin bahon. Bayan haka, safe da yamma, wani ya karanta ma'aunin ya rubuta a littafi, da kwanan wata da sa hannunsa. Mai kai samfurin ruwan rijiyarsa ko na masana'antarsa gwaji yana da damar ya nemi a nuna masa wannan littafi kafin ya biya.